Ranar da aka rubuta mini mugun ido a katin asibiti

Shekara 22 ina kan keken ɗinki, ban taɓa roƙon wani ya zura mini zare a allura ba sai bara. Kamar wasa abin ya fara. In lashi bakin zaren, in murza shi, in saita, sai ya bi ta gefe kamar wanda ya hango mai binsa bashi. Na zagi allura, na zagi masu shigo da ita, na ce hasken shagon ne ya ragu. Waya kuwa sai na miƙa hannu iya tsawonsa kafin in karanta saƙo, har uwargida ta ce in haka za a ci gaba, gara ta riƙe wayar a zaure ni in karanta daga ɗaki.

Ita ta matsa mini na je asibitin ido. Na tafi da yaron shagona, saboda ya gama sakandare kuma yana ji da Turancinsa. Da safen nan sai da na shafa wa gemu baƙin rini, don shekarata 47 kacal, kuma ban ga dalilin da zai sa 'yan furfura su yi mini sharri a gaban jama'a ba.

Likitar matashiya ce. Ina shiga ta ce, "Sannu Baba, zauna nan." Na waiga in ga Baban da ya biyo ni, babu kowa sai ƙofa. Na haɗiye. Ta sa na rufe ido ɗaya ina karanta baƙaƙe a wani allo, manya a sama, suna ƙanƙancewa har su koma kamar ƙwan tururuwa. Ta hura mini iska a ido da wata na'ura, na zabura har hulata ta faɗi. Daga nan ta ɗiga mini maganin da ke buɗe ƙwayar ido don ta leƙa can ciki, ta ce zan yi 'yan awoyi ina gani dishi-dishi. Ta yi bayani da yawa kam, amma ni hankalina yana kan "Baba".

Da muka fito rana ta dake ni kamar an kunna mini wutar walda a fuska. Muna cikin adaidaita sahu na miƙa wa yaron katin na ce ya karanta.

"Oga, an rubuta OD 6/6, OS 6/9."

Na ce alhamdulillahi, ido ɗaya ya cinye shida cikin shida, ɗayan ya samu shida cikin tara, ko a makaranta ba a maimaita aji da wannan sakamako. To mene ne OS ɗin? Ya duƙufa kan wayarsa. Ya ce wai okulus sinista, kuma okulus na nufin ido. Sinista kuwa sai ya buɗe ƙamus. Sai na ji shiru. Na ji kuma yana matsawa can bakin kujera, har ƙafarsa ɗaya na lilo a waje.

"Oga, ƙamus ya ce mugu. Mai mugun nufi."

"Wane idon?"

"Na hagu ta nuna lokacin da take rubutawa."

Mugun ido! A rubuce, da hatimin asibiti! Nan take abubuwa suka fara dawo mini. Akuyar maƙwabcina da na ce ta yi ƙiba ban ce tubarkalla ba, kwana uku ta mutu. Angon da na ɗinka wa babbar riga na tsaya ina yaba masa, auren bai kai wata biyu ba. Janaretan mai shagon kusa da ni, ranar da ya sayo na ƙura masa ido, washegari ya yi hayaƙi. Ashe duk ni ne. Yaron ya ƙara da cewa akwai wata lamba, wai hawan jinin ido 15. Ni da na san ranar da aka auna ni a kemis 130 aka ce, yanzu ga shi ya koma 15. Wato ga maita ga ƙarewar jini.

Na laluba aljihu na samu ƙyallen shadda, na ɗaure idon hagu. Haka na shiga gida. Uwargida ta ce, "Malam, tiyata aka yi maka?" Na ce ta kwashe yara daga hagu da ni, kuma kada wanda ya nuna mini sabon abu. Tuwon rana bango na fuskanta na ci shi.

Bayan magariba ta kira ɗan ƙanwata da ke karatun aikin ido a jami'a. Ya gaishe ni da ladabi, ya karɓi katin, na ba shi labari. Yaron nan da na yi wa ɗinkin suna ya yi dariya har ya gangara daga kan tabarma.

"Kawu, sinista da Latin hagu ne kawai. OS idon hagu, OD idon dama, okulus deksta. Daga baya ne Turawa suka jingina wa kalmar mugunta, don su ma suna camfa hagu."

Da na yi tunani sai na ga mu ma ba mu tsira ba. Mutum in ya samu sa'a mu ce ya samu dama, in ya juya magana mu ce ya yi mata bahaguwar fahimta. To ni na yi wa idon hagu bahaguwar fahimta, magana ta zauna daidai.

Shida cikin tara ma ashe ba maki ba ne. Ya ce lambar farko nisan da aka zaunar da ni ne daga allo, mita 6. Ta biyu kuwa nisan da lafiyayyen ido zai karanta wannan layin. Wato abin da wani zai karanta daga mita 9, idona na hagu sai ya matso mita 6. Allon ma wani likitan ido ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, ya ƙirƙiro shi a 1862. Amurkawa da ke awo da ƙafa su 20/20 suke cewa, ƙafa 20 kusan mita 6 ke nan. Lambar 15 kuma ba ruwanta da jini, matsin ruwan da ke cikin ido ne, kuma tsakanin 10 da 21 ake so. Ana auna shi ne saboda gilakoma, cutar da ke cin jijiyar gani a ɓoye, ta fara daga gefe-gefe mutum bai sani ba. Nawa lafiya lau. Sai +1.50, wadda yaron shagona ya rantse kuɗin gilashi ne tun na zamanin kwabo. Ƙarfin gilashin karatu ne, ana kiran ma'aunin dayofta: mai ƙarfi 1 yana tattara haske a mita ɗaya, mai ƙarfi 2 a rabin mita.

Na ce masa to me ya hana su rubuta "idon hagu" kowa ya huta? Ya ce don likitan Masar ko na Indiya ya ɗauki katin ya gane. Na yarda, amma ba da zuciya ɗaya ba. Mutanen da suka kira yanar ido katarak, wai ruwa mai zubowa daga kan dutse, ba su fi mu iya raɗin suna ba. Namu ka ji yana ka san yana ce.

Na kwance ƙyallen, na ji duniya ta dawo sabuwa. Sai na ce saura kalma ɗaya doguwa a ƙasan katin. Ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce dare ya yi, mahaifiyarsa na jiransa. Na riƙe masa riga.

"Firesbiyofiya ce, Kawu. Akwai wani ɗan madubi a cikin ido mai lanƙwasuwa don a ga abin da ke kusa. In an haura shekara 40 sai ya fara tauri. Kowa ma yana yi."

"Ma'anar kalmar na tambaye ka."

"Girkanci ne. Rabin ƙarshe ido. Rabin farko kuma..." Ya kalli ƙofa. "Tsoho. Idon tsoho ke nan, Kawu."

Daga bayan labule na ji wani sauti kamar an shaƙe kaza. Uwargida ce take ƙoƙarin danne dariya da bakin zani. Wallahi a wannan lokacin na fi son mugun idon, don shi aƙalla ana shakkar mai shi.

Gilashin dai na karɓo, zare yana shiga allura tun a karon farko. Da shi na gano cewa yaron shagona ya daɗe yana yi mini karkataccen ɗinki a wuyan riga, kuma rinin gemuna bai taɓa kaiwa ƙarƙashin haɓa ba. Sai dai yaron ya riga ya kai labari unguwa tun a ranar. Na bi gida-gida na yi bayanin Latin, har na zana OS a ƙasa da tsinke. Maƙwabcina ya saurara da kyau, ya ce ya gamsu ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya. Har yau in ya ji ƙarar babur ɗina, ina jin sa ta katanga yana cewa yara su shigar da awaki.