Yadda Kalandar Aurena Ta Mayar da Ni Ɗan Takara

A Gombe, idan iyaye suka sa ranar aure, ba a buƙatar wata dabara kafin dangi su sani. Ana ƙulla goro da alewa a leda a bai wa yara su bi gida-gida, duk wanda ya karɓa ya tambayi na mene ne, a faɗa masa, ya ce Allah ya sanya alheri, magana ta zauna ke nan. Katin gayyata kuwa sai biki ya matso sosai yake fitowa. To ni na ɗan zauna a Abuja, na ga yadda 'yan boko ke aika sanarwa tun biki yana sauran watanni domin kowa ya keɓe ranar, saboda haka na ga cewa tsarin goro ya yi wa mutum irina kaɗan.

A ƙarshen 2022 manya suka tsayar da Asabar, 18 ga Maris, 2023, kuma ba da ka suka zaɓe ta ba. Zaɓen shugaban ƙasa yana ranar 25 ga Fabrairu, na gwamnoni da 'yan majalisar jiha yana 11 ga Maris, azumi kuma ana sa ran kama shi a makon da ke biye da ranar tamu. Baffa ya lissafa da yatsunsa ya ce ita kaɗai ce Asabar da ta rage tsakanin akwatin zaɓe da kunun shan ruwa.

Dabarata ta farko ita ce kalandar sabuwar shekara, wadda za a kewaye ranar da jan alƙalami, domin duk wanda ya rataye ta a ɗaki ya riƙa ganin bikina safe da yamma. Na so a sa hotona da na amarya, amma da maganar ta kai kunnen Baffa ya ce ba a gidansa za a rataye 'yar mutane a shagon aski da teburin mai shayi tun ba a ɗaura ba. Aka cire amarya, na rage ni kaɗai. Mai buga takardun da na kai wa aikin, a bayan babbar kasuwa, ya shafe watanni ba ya buga komai sai fastocin 'yan siyasa, hannunsa ya riga ya saba. Da na je karɓa sai na tarar da kaina cikin farar babbar riga da hula zanna, ina murmushi, an ɗora ni a kan launin kore, a ƙasa kuma an rubuta da manyan baƙaƙe: "18 GA MARIS RANARMU CE, IN SHA ALLAHU." Kalmar aure tana nan, amma sai mai tabarau zai iya gano ta. Gaskiya na yi kyau a hoton, shi ya sa ban yi gardama ba.

Ba a yi mako da rabawa ba samarin unguwa suka fara miƙewa tsaye idan na zo wucewa, suna ɗaga hannu suna cewa, "Sai Honarabul!" Na ɗauka zolayar ango ce, har ina amsawa. Daga nan wata dattijuwa daga Pantami ta yi sallama da ni da sassafe, ta zauna ta yi mini bayanin yadda rijiyar burtsatsen layinsu ta lalace, ta ce ita da 'ya'yanta da surukanta duk suna da katin zaɓe. Wani maƙwabcinmu ya kawo mini takardun makarantar ɗansa a cikin ambulan. Mai shayin da yake bina bashi tun bara ya daina rubuta sunana a littafi, ya ce tsakaninmu sai bayan rantsuwa. Abin da ya fi ɗaure wa jama'a kai shi ne rashin alamar jam'iyya, amma masana siyasar majalisarmu suka warware matsalar da cewa dabara ce, ina jira in ga inda iska za ta kaɗa. Shi kuwa saɓanin rana, tun da zaɓe 11 ga wata ne, suka ɗora wa mai bugawa.

Sauran dabarun ba su daɗe ba. Na buga ranar a jikin mafici saboda zafin Maris, mata suka ga ya dace da fifita murhu, wuta ta cinye lambar. Na naɗe alewa da 'yar takarda mai ɗauke da ranar, yara suka shanye alewa suka bar wa iska takarda. Bidiyon da na tura ta WhatsApp kuwa ya yi nauyi, yawancin dangi suka ce ba za su ƙona data a kan abin da goro zai iya faɗa ba.

Ana cikin haka, daren Laraba 8 ga Maris, aka ba da sanarwar ɗage zaɓen gwamnoni da mako guda, daga 11 zuwa 18 ga Maris. Ranar zaɓe kuwa ba a zirga-zirgar ababen hawa, ballantana a yi jerin gwanon kai amarya. Bayan sallar asuba Baffa ya tara mu a zaure. Asabar ta gaba ta faɗa cikin azumi, idan kuma aka ce sai bayan Sallah, to ni ne abin tashen yaran unguwa a matsayin gwauro, ga shi na riga na yi wa ɗaki fenti. Baffa ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Tun da zaɓe ya ɗauke mana rana, mu ma sai mu ɗauki tasa." Aka aika gidan su amarya, suka amince da jibi, Asabar 11 ga wata.

Na kawo shawarar a buga 'yar takarda mai lamba 11 a bi gidaje ana mannawa a kan 18. Goggo ta dube ni tun daga hula har takalmi ta ce, "Ɗan nan, kai dai je ka wajen tela." Lokacin ana tsananin ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, ko na acaɓa ba mu da shi a hannu, amma ta karɓi goro bashi wajen wanda take ciniki da shi tun kafin a haife ni, ta yafa mayafi ta fita. Ta fara da gidan suna a Bolari, ta biya gidan gaisuwar rasuwa a Jekadafari, ta tsaya wajen injin markaɗe, ta bar saƙo wajen mai kitso da dillaliya, ta ƙare a Tashar Dukku inda ta damƙa wa direbobi goro da magana. Ranar Juma'a liman ya ƙara da tasa sanarwar. Ranar Asabar jama'ar da ta taru har shinkafa ta gaza, maroƙa kuma, da suka ga babu sabbin kuɗin liƙi, suka riƙa haɗa kirari da karanto lambar asusun banki.

Kawuna na can bayan Dukku shi ne bai zo ba. Direba ya isar masa da saƙon, amma ya ce zancen baka ne, shi yana da rubutacce a bango. Ya iso yammacin Juma'a 17 ga wata da zabi biyu da man shanu, kalanda naɗe a hammata, ya tarar amarya ta kwana shida a ɗakinta. Ba mota sai Lahadi, saboda haka shi ne baƙon farko da ta yi wa tuwo, ƙuri'arsa kuma ta tafi a banza tun da rumfarsa tana ƙauye.

Da safe na fita jefa tawa ƙuri'ar, sai na ga layi ya dare an ba ni hanya. Ashe an kwana ana nazarin kalandar nan, an gano cewa tun watan Disamba na buga ainihin ranar zaɓe, lokacin da ko masu takarar gwamna ba su san za a ɗage ba. Na rantse cewa aure nake nufi, wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce sun gane, manya ba sa faɗin komai a fili. Samari suka biyo ni suna raɗa, "Honarabul, wace alama za mu dangwala?" Da na koma gida na tarar labarin ya riga ni isa. Kawu ya ture kwanon tuwo, ya jawo ni kusa, ya rage murya ya ce in faɗa masa tsakani da Allah, Laraba za a ɗauki azumi ko Alhamis, domin ya san yadda zai yi da geron da ya jiƙa.