Bashin shayi biyu a kan zaɓen Kanada

Wannan rubutu na waɗanda ke da haƙurin karatu ne. Mai sauri ya wuce, ba zan ji haushi ba.

A majalisarmu ta bakin mai shayi a Gwammaja muna da wata al'ada: duk wanda ya bugi ƙirji ya yi hasashen zaɓe, abin kuma ya zo ba haka ba, shi zai biya kuɗin shayin kowa a daren. Malamai su yi haƙuri, ba caca ba ce, horon bakin da ya fiye kaudi ne. To a kan zaɓen Kanada na 2025 ni kaɗai aka ci sau biyu. A watan Janairu, lokacin da Justin Trudeau ya ce zai sauka, na rantse cewa jam'iyyarsa ta Liberal ta mutu murus, domin ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna 'yan Conservative sun ba ta ratar maki fiye da 20. Sai Trump ya taso da maganar haraji, yana kuma cewa Kanada ta zo ta zama jiha ta 51 a Amurka. Mutanen ƙasar suka fusata, Mark Carney ya karɓi jam'iyyar, iska ta juya. Na bi iskar, na ce to yanzu kam Carney zai samu cikakken rinjaye. Aka yi zaɓe ranar 28 ga Afrilu, aka gama ƙirge da sake ƙirge, ya tashi da kujeru 169 cikin 343, alhali 172 ake nema. Kujeru uku suka ja mini shayi da ƙwai na mutum tara.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne tambayar da wani ƙanenmu ɗan adaidaita sahu ya yi a daren. Ya ce, "Yaya, to in bai kai rabi ba, ta yaya ya zama shi ne firaminista? Ba sai a ce zaɓe bai kammala ba?" Kowa ya kwashe da dariya, domin duk Bakano ya san inda kalmar nan take yi masa ƙaiƙayi tun 2019. Amma tambayar tana kan hanya, kuma na lura yawancinmu da ke bin labaran duniya a rediyo muna auna zaɓen majalisa da mudun zaɓen shugaban ƙasa. Ni kaina da wannan mudun na auna, shi ya sa na biya.

A tsarin firaminista, talaka ba ya zaɓen shugaban gwamnati da hannunsa. Ɗan majalisar mazaɓarsa yake zaɓa. Zaɓen Kanada zaɓuka 343 ne aka yi a rana ɗaya, na Birtaniya 650, na Indiya kuwa 543 ne da ake yi kashi-kashi. A waɗannan ƙasashe uku, wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ke ɗaukar kujerar ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce, kuma hakan ta faru a wata mazaɓa ta lardin Quebec na Kanada a wannan zaɓen da aka sake ƙirge. Saboda haka jam'iyya tana iya tara miliyoyin ƙuri'u a yankin da dama nata ne, su tashi a banza. A 2019 da 2021 'yan Conservative sun fi Trudeau yawan ƙuri'u a faɗin Kanada, shi kuma ya fi su kujeru. A Birtaniya a 2024 jam'iyyar Labour ta samu kusan kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u, ta kwashe kujeru sama da 400, ita kuwa Reform da kashi 14 ta tsira da kujeru biyar. Mai hasashen da ya riƙe kashi cikin ɗari na ƙasa baki ɗaya ya hau mimbari, kamar wanda ya ƙirga buhunan da suka shigo Dawanau ne ya ce ya san abin da kowane gida zai ci da dare.

Masu sana'ar ma suna shan ƙasa. A 2015 kusan kowa ya ce babu mai samun rinjaye a Birtaniya, sai ga David Cameron ya samu. A 2017 Theresa May ta kira zaɓe tun wa'adi bai cika ba don ta ƙara kujeru, ta rasa ma rinjayen da ta gada. A Indiya a 2024 jam'iyyar Narendra Modi ta yi ta kirarin kujeru 400 ga ƙawancenta, masu tambayar jama'a a bakin rumfa suka yi musu bushara da gagarumar nasara, da aka ƙirga BJP ta tsaya a 240, ana neman 272. Dole Modi ya jingina da Chandrababu Naidu da Nitish Kumar, shugabannin wasu ƙananan jam'iyyu biyu masu kujeru 16 da 12.

Yanzu ga amsar ƙanenmu. Sharaɗin zama firaminista shi ne kada majalisa ta kayar da kai a ƙuri'ar yanke ƙauna ko a kasafin kuɗi. Ka ga ke nan ba lallai sai rabi suna sonka ba, ya wadatar a ce waɗanda ba sa sonka sun kasa haɗa kai a rana ɗaya su ture ka. Su kuwa 'yan adawa sau da yawa zaman 'yan marina suke yi, kowa da inda ya sa gabansa. A Kanada masu ra'ayin riƙau, da 'yan aware na Quebec, da 'yan gurguzu-gurguzun NDP, duk adawa ake kiran su, amma haɗa su a inuwa ɗaya aiki ne. Ga kuma abin da ba a faɗa a fili: in ka kayar da gwamnati, galibi sabon zaɓe za a shiga. Jam'iyyar da asusunta ya bushe, ko ta san in an koma rumfa za ta ƙara zubewa, gara ta yi ta zagin gwamnati a gidan talabijin, ranar ƙuri'a kuma wasu 'ya'yanta su ƙaurace. A Sweden ma doka ce ta tsara haka: wanda aka gabatar yana zama firaminista muddin mafi rinjayen majalisa ba su jefa ƙuri'ar ƙin sa ba. Denmark ta shafe yawancin shekarunta na bayan yaƙin duniya na biyu a hannun gwamnatocin marasa rinjaye, ba a kuwa ji ta rushe ba.

Hanyoyin zaman sun bambanta. Akwai auren sosai, a raba ministoci a zauna gida ɗaya, kamar yadda Cameron mai kujeru 306 ya yi da Nick Clegg na jam'iyyar Liberal Democrat mai 57 a 2010, ko yadda ANC ta yi da babbar jam'iyyar adawa ta DA da wasu a Afirka ta Kudu a 2024 bayan ta faɗo zuwa kujeru 159 cikin 400. Wannan gwamnatin haɗin gwiwa ce, ta fita daga sahun marasa rinjaye. Akwai kuma yarjejeniyar "ba na shiga gidanka, amma ba zan bari a rushe shi ba". Irinta May ta ƙulla da jam'iyyar DUP ta Ireland ta Arewa mai kujeru goma a 2017, farashin kuwa ƙarin fam biliyan ɗaya ga Ireland ta Arewa. Trudeau ma ya yi da Jagmeet Singh, shugaban NDP na lokacin, a Maris na 2022, aka biya Singh da shirin kula da haƙori na masu ƙaramin ƙarfi, har ya yaga takardar a Satumban 2024. Sai kuma zaman kullum ciniki, kowace doka a nemo mata abokin tafiya.

Wani abu da na lura, ƙaramin abokin tafiya shi ke kwana ciki. Jam'iyyar Clegg daga 57 ta dawo takwas a 2015. NDP ta dawo bakwai a 2025, Singh kansa ya rasa kujerarsa. In aiki ya yi kyau babba ke shan yabo, in ya ɓaci a ce kai ka riƙe masa tsani.

Muna cikin wannan bayani, kawuna da ya haura tamanin, wanda tun yana ɗan saurayi yake raba takardun NEPU a cikin birni, ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Kai ɗan nan, ka tafi Kanada neman abin da aka yi a ƙofar gidanku." Na ce, "Kawu, a ba mu mu sha." Ya kuwa ba mu zaɓen Disambar 1959. Kujeru 312 ne. NPC ta samu 134, NCNC da ƙawarta NEPU 89, AG ta Awolowo 73. Babu wanda ya kai rabi. A yawan ƙuri'u ma NPC ce ta uku, kuma ku tuna a lokacin matan Arewa ba sa zaɓe. In ka haɗa 89 da 73 ka samu 162, wato Zik da Awo suna iya kafa gwamnati su bar Arewa a benci, an kuma yi wannan zawarcin. Zik ya zaɓi NPC. Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama firaminista, Awolowo ya zama jagoran adawa. Abin da har yau yake ci wa Kawu tuwo a ƙwarya shi ne, su 'yan Sawaba da suka sha ɗauri da bulala a hannun 'yan sandan En'e saboda adawa da NPC, sun wayi gari ƙawarsu ta auri abokin gabarsu a Ikko, Malam Aminu da kujerunsa takwas suka samu kansu a ɓangaren gwamnati. Ya ce duk wanda ya yi hasashe a lokacin da yawan taron lacca ya faɗi, wanda ya ci shi ne wanda ya san wa zai iya zama da wa.

Nan ra'ayina ya tsaya. In za ka yi hasashen zaɓen majalisa, ka fara da mazaɓun da ratarsu ba ta da yawa, ka bar waɗanda kowa ya san inda za su faɗa. Daga nan ka tambayi kanka, in babu wanda ya kai rabi, wa yake da maƙwabta? Jam'iyya tana iya zuwa ta ɗaya ta kwana a waje saboda kowa ya rantse ba zai zauna da ita ba. Vajpayee a Indiya a 1996 jam'iyyarsa ce ta fi kujeru, aka rantsar da shi, ya nemi abokai ya rasa, ya sauka bayan kwana 13. A 1999 kuma ƙuri'a ɗaya tak ta kayar da gwamnatinsa. Joe Clark na Kanada ya yi mulki a 1979 kamar mai rinjaye, bai tsaya ƙirga kawuna ba ya kai kasafin kuɗi majalisa, aka kayar da shi, mulkinsa bai wuce wata tara ba. Shi kuwa Lester Pearson bai taɓa samun rinjaye ba daga 1963 zuwa 1968, amma a hannunsa Kanada ta samu tutarta ta yanzu da tsarin fansho da dokar kiwon lafiya ta ƙasa. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa gwamnatin marasa rinjaye raggon abu ce. Shugaban da ya san ana iya sauke shi ranar Talata yana sauraron mutane ranar Litinin. Tana da nata ciwon, ban musa ba. Beljiyam ta taɓa yin kwana 541 ana ciniki ba a kafa gwamnati ba.

To mu fa? A farkon 2024 wasu 'yan majalisar wakilai kusan 60 sun kawo ƙudurin a koma tsarin firaminista, hujjarsu tsadar mulki da yawan ikon da ke hannun mutum ɗaya. Ina jin daɗin hujjar. Akwai ma misalin da ke goyon bayansu a nan kusa. Balarabe Musa ya ci gwamnan Kaduna a PRP a 1979, majalisar jiha kuma tana hannun NPN. Suka ƙi amince masa da kwamishinoni, aka yi ta ja-in-ja har suka tsige shi a Yunin 1981. A tsarin firaminista irin wannan kulli ba ya ɗaurewa shekara biyu, domin wanda majalisa ba ta iya haƙuri da shi ba zai ma hau ba. Shagari kansa sai da ya ƙulla yarjejeniya da NPP a 1979 saboda NPN ba ta da rinjaye a majalisun tarayya, ƙawancen ya watse a 1981.

Tsorona ɗaya ne, sauya sheƙa. Gwamnatin marasa rinjaye tana da amfani ne in ƙananan jam'iyyu suna nan a matsayinsu, suna da abin da suke nema wa mutanensu, ana ciniki a kan manufa a rubuce kowa ya gani. A nan kuwa an gama zaɓen 2023 APC ba ta kai rabin kujeru 360 na majalisar wakilai ba, amma ranar zaɓen kakaki Tajudeen Abbas ya samu ƙuri'u 353. Bayan nan kuma kun ga yadda aka riƙa tururuwa zuwa jam'iyya mai mulki, kowa da wasiƙarsa ta "rikicin cikin gida". Tsarin mulki ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya bar kujerar, sai in jam'iyyar ta rabe, to ta wannan ƙofar kowa ke fita. Indiya ta ga irin wannan ta yi dokar hana sauya sheƙa a 1985, duk da haka ba ta huta gaba ɗaya ba. In muka koma tsarin firaminista da halinmu na yanzu, firaminista mai gibin kujeru uku ba zai nemi wata jam'iyya su zauna teburi ba. Zai nemi mutum uku ne, da daddare, kuma ina jin zai samu talatin.

Na faɗi haka a majalisa, ƙanenmu ɗan adaidaita ya ce ai ko yanzu in aka ce kujerun Kano 24 ne za su raba gardamar wanda zai mulki Najeriya, a ranar za a san darajarmu. Kawu ya dube shi ya ce kujeru takwas ma sun taɓa shiga lissafi, ya tambaye shi me aka kawo wa Kurna da su. Ni dai mai shayi ya buɗe littafinsa ya nuna mini shafina, ya ce in zan sake yin hasashe in fara biyan na baya.