Samanja: sojan da ya ba farar hula damar yi wa kaki dariya

Wanda duk ya yi ƙuruciya a Kaduna tsakanin shekarun 1970 da 1980 ya san yadda unguwa ke yin tsit idan lokacin shirin Samanja ya yi. A layinmu na Tudun Wada gida biyu ne kacal ke da talabijin, irin mai baƙi da fari. Mu yara mu cika tsakar gida maƙil, waɗanda suka makara su maƙale a taga. Da zarar muryar nan ta daka wa wani kurtu tsawa, sai ka ga dattawan da ke kan tabarma sun riga mu kecewa da dariya, har da share hawaye da bakin riga. Sai da na girma na gane abin da ya sa dariyarsu ta fi tamu tsawo.

Alhaji Usman Baba Pategi, wanda ke fitowa a matsayin Samanja, Allah ya jiƙansa, Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi da ke jihar Kwara ta yanzu. An haife shi a 1942, ya yi aikin soja na gaske har ya yi ritaya a 1985, kuma a nan Kaduna ya rasu ranar 12 ga Nuwamba, 2023. Sunan da ya bi shi har kabari muƙami ne a bariki. Samanja shi ne wanda ke tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji, shi ke tsare fareti, shi ke duba wanda takalminsa bai sha gogewa ba, shi ke tura mai laifi gadirum. Kofur da saje na shakkarsa, shi kuma yana ƙamewa a gaban yaron laftanan da bai kai ɗansa ba. Mutumin da ke ba da tsoro a ƙasa, yake rawar jiki a sama, ai shi kansa abin dariya ne, kuma Pategi ya san wannan daga ciki.

A tuna irin zamanin. Soja sun riƙe ƙasar nan daga 1966 zuwa 1979, suka dawo a ƙarshen 1983 ba su tafi ba sai 1999. Kaduna kuwa garin soja ne tun asali: ga hedikwatar Runduna ta Ɗaya, ga makarantar horar da hafsoshi ta NDA da aka kafa a 1964, ga Jaji a kan hanyar Zariya. Direban tasi ya san abin da zai same shi in ya gogi motar soja. A 1984, lokacin yaƙi da rashin ɗa'a, magidanci na iya yin tsallen kwaɗo a bainar jama'a saboda ya tsallake layi. A cikin wannan hali ne wani mutum zai fito a akwatin gwamnati, sanye da kaki, ya yi ta kumfar baki yana shirme, gari duka na dariya ba mai tsoron koboko. Dattawan nan na kan tabarma ba Samanja kaɗai suke yi wa dariya ba. Sojan da ya zare musu ido a kasuwa da safe suke ramawa.

Akwai masu cewa wannan ɗin ma hidima ce ga mulkin soja. Gidan rediyon da talabijin ɗin na gwamnati ne, in ji su, shirin kuma ya wanke soja ya mai da shi ɗan uwa mai ban dariya, alhali a waje yana taka mutane. Ban ce maganarsu ba ta da ƙamshin gaskiya ba. Shirin bai taɓa zama dandalin adawa ba, ba kuma zai yiwu ya zama ba. Amma ina ganin sun raina abin da ya yi. Ya buɗe wa farar hula ƙofar bariki suka leƙa, suka ga soja na fama da kuɗin cefane, da rigimar gida, da maƙwabci, da mai gidansa a wurin aiki. Wanda ka taɓa yi wa dariya ba ya komawa dodo a idonka kamar da.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne harshen. Tun zamanin Turawa Hausa ce harshen bariki. Da ita Batibi da Angas da Bachama da mutumin Zuru ke magana da juna, kowa ya murɗa ta yadda bakinsa ya iya, a yayyafa Turancin buroka a kai. Wannan gaurayen shi ne Samanja ya ɗauko ya kawo gaban jama'a. Bai aro bakin wani don ya muzanta shi ba. Yaren barikinsa ne, yaren abokan aikinsa, kuma in an bi ta ɓarauniyar hanya yaren Kaduna ne, garin da kusan kowa baƙo ne. Shi ya sa iyalin da ke Kakuri da wanda ke Kawo za su kalli shiri ɗaya, kowanne ya ji da shi ake.

Nan ne nake da magana da ƙannenmu masu barkwanci a TikTok da Facebook. Da yawansu na da basira, ina kallonsu, wasu ma kan sa ni dariya har cikina ya ƙulle. Sai dai hanya mafi sauƙi ta yi musu yawa: a kwaikwayi Bafulatani a matsayin baƙauye, a karya harshe a ce Bagwari ne ko Bayarabe, a yi wa mai in'ina ko gurgu dariya. Za su ce ai wasan ƙabila tsohuwar al'ada ce. Haka ne, akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, akwai tsakanin Kanawa da Zagezagi. Amma wasan taubasai yana da sharaɗi, ido da ido ake yinsa, wanda aka tsokana yana nan zai rama, a tashi ana tafawa. Bidiyon da mutum dubu ɗari suka kalla ba shi da wannan, wanda aka zolaya ba ya ciki. A garin da ya ga rikicin 2000 da na 2002, har kogi ya zama iyaka tsakanin maƙwabtan jiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ko 'yan kama na dauri, masu juya waƙoƙin manya su mai da su na tuwo da miya, da shigar malamai suke fitowa. Wanda ya fi su ƙarfi suke tsokana, cikin dabarar da shi ma zai murmusa. Samanja a kan wannan turba yake.

To ina aikin nasa yake yanzu? Matashin da ya so ya koyi wannan sana'a daga gwaninta, abin da zai tarar a intanet 'yan gutsattsari ne masu dishi-dishi. Kasimu Yero na shirin Karambana ya rasu a 2017, Pategi ya bi shi bayan shekara shida, kuma kaset ba ya jiran kowa, zafi da laima na cin sa a hankali. Garin nan na da cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, yana da ofishin adana takardun tarihi na ƙasa, yana da tashoshin da suka watsa shirye-shiryen nan. Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinsu ba: a tattaro duk faifan da ya rage, na tasha da na hannun mutane, a juye su cikin kwamfuta, a sa inda ɗalibi zai same su. Sannan a ɗauki na'ura a je gidajen waɗanda suka yi wasa tare da shi da suke raye, a zauna da su, su faɗi yadda ake tsara shirin da yadda hafsoshin gaske ke karɓarsa. Mafi yawansu sun haura saba'in.