Yusha'u ma ai suna ne

Daga 2002 zuwa 2006, sunaye uku da Amurkawa suka fi raɗa wa jarirai maza su ne Jacob da Michael da Joshua, a jere haka, shekara biyar ba su sauya ba. Ka juyo su bakinmu: Yakubu, Mika'ilu, Yusha'u. Biyun farko ba baƙi ba ne a Kano ko Zariya ko Maraɗi. Na ukun fa? Zauna ka lissafa yara 'yan ƙasa da shekara goma masu suna Yusha'u da ka sani. Yawancin masu amsa shi yau ko sun yi furfura ko suna hanya. Ni dai a ganina asara muke yi, kuma dalilan da ake kawowa na gudun sunan ba su taka kara sun karya ba.

Asalinsa Ibrananci ne, harshen Banu Isra'ila, kuma babu abin ɓoyewa a nan. A can ana cewa Yehoshua. Gaɓar farko, Yeho, gajeren sunan Ubangiji ne kamar yadda ya zo a Attaura, sauran kuma daga tushen da ke nufin ceto ko kuɓutarwa. Ma'anar ke nan: Ubangiji ne mai ceto. A Littafin Ƙidaya na cikin Attaura, sura ta 13, an ce da farko sunan mutumin Hosheya, wato ceto kawai, Annabi Musa ne ya ƙara masa sunan Ubangiji a gaba. Daga zuriyar Ifraimu ɗan Annabi Yusuf ya fito.

Mu kuma duk Juma'a muna wucewa ta kansa a Suratul Kahfi, da yawanmu ba mu san shi ba ne. Inda aka ce Musa ya ce wa saurayinsa ba zai fasa tafiya ba sai ya kai mahaɗar tekuna biyu, wannan saurayin shi ne Yusha'u bin Nun, kamar yadda hadisin Ubayyu bin Ka'ab ya bayyana a Sahihul Bukhari. Shi ne mai riƙe da kwandon da kifi ke ciki. Da gajiya ta kama su, Musa ya ce a kawo abinci, sai yaron ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah: lokacin da muka fake a wurin dutsen nan na manta da kifin, kuma Shaiɗan ne ya mantar da ni. Bai yi kwana-kwana ba, bai ɗora wa kowa ba. Wannan wurin yana burge ni fiye da duk labaran yaƙinsa. Kamar almajirin nan ne mai riƙe wa malam buta da buzu, wanda ba a cika kallonsa ba a zaure, amma ranar da malam ya kwanta dama shi ake miƙa wa makaranta.

Haka kuwa aka yi. A Suratul Ma'ida, da Banu Isra'ila suka ƙi shiga ƙasa mai tsarki don tsoron ƙattin da ke cikinta, mutum biyu ne suka ce a shiga ta ƙofa a dogara ga Allah. Malaman tafsiri irin su Ɗabari da Ibn Kasir sun ce Yusha'u ne da Kalib. Aka yi shekara 40 ana ɗimuwa a jeji, Haruna ya rasu, Musa ya rasu, jagoranci ya dawo hannun mai kwandon kifi. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani annabi da aka tsayar wa rana har ya gama yaƙi, ba su ambaci suna ba, ruwayar Imamu Ahmad ce ta ce Yusha'u ne, a tafiyarsa zuwa Baitul Maƙdis. Har gobe garuruwa na jayayya a kan inda kabarinsa yake. Akwai wanda ake ziyarta a kan wani tudu a Istanbul, akwai a Salt ta ƙasar Jordan, akwai a Bagadaza, akwai a ƙauyen Kifl Haris na Falasɗinu.

Sunan ya sha tafiya, kuma ko'ina ya bi sai an ɗan gutsure shi. Yahudawa da kansu suka taƙaita shi zuwa Yeshua bayan dawowarsu daga Babila, ya zama suna gama-gari. Da aka fassara littattafansu zuwa Girkanci a Iskandariya, kusan ƙarni uku kafin haihuwar Annabi Isa, sai aka tarar Girkawa ba su da sautin sha, ba su da ainun, suka rubuta Iesous. Daga nan Yesu ya fito, wanda 'yan'uwanmu Kiristoci ke faɗa. Wato Joshuwa da Yesu, a asali, suna ɗaya ne da ya rabu a hanya. Larabawa kuwa, da yake harshensu ɗan'uwan Ibrananci ne, suka riƙe ainun ɗin ƙarshe. Wannan ɗan waƙafin sama da muke sakawa tsakanin a da u, ragowarsa ce. Bahaushe mai cewa Yusha'u ya fi Bature mai cewa Joshua kusa da yadda mai sunan ya ji ana kiransa.

To me ya sa ya yi mana ƙaranci? Babban dalili, a fahimtata, shi ne ba a ambace shi da suna a Alƙur'ani ba. Annabawa 25 da yara ke haddacewa a Islamiyya ba ya cikinsu, abin da ba a rera shi ba kuwa da wuya ya faɗo wa uba a rai ranar huɗuba. Sai kuma al'adarmu ta takwara. Mu ba ma zaɓen suna, gado muke yi. A sa sunan kaka, a sa na surukin da ya yi hidima, a sa na malam. Gidan da babu Yusha'u a baya, da wuya a samu a gaba. Gidan da ma akwai shi, sai alkunya ta rufe shi: uwa ba za ta kira sunan surukinta ba, yaro ya tashi Abba ko Baffa ko Khalifa, abokansa ba za su san sunansa na yanka ba sai ranar ɗaurin aure.

Akwai dalili na uku, wanda shi ne ya sa na yi wannan rubutu. Kwanaki wani ƙanena aka yi masa haihuwa, namiji, muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar yana ta murza waya yana neman suna. Na ce masa ga Yusha'u. Ya ɗago ya dube ni.

"Haba Yaya, sunan Yahudawa fa aka ce. A wannan lokacin?"

Mai maganar nan sunansa Isyaku. Sunan da a Ibrananci ake cewa Yitzhak, ma'ana zai yi dariya, kuma duk wanda ya karanta Suratu Hud ya ga inda matar Annabi Ibrahim ta yi dariya aka yi mata bushara da shi. Maƙwabcinsa Sama'ila, Allah ya ji. Ɗan ajinsu Bilya, wato Bilyaminu, ɗan hannun dama, takwaran Benjamin Netanyahu na Isra'ila ne sak, kuma ban ji wanda ya ce ya je ya sake suna ba. Malaman nahawu sun daɗe da sanin wannan. Duk wanda ya zauna gaban malami ya yi Ajurumiyya ya ji cewa Ibrahim da Ishaƙ da Ya'aƙub ba sa karɓar tanwini saboda sunaye ne na ajami. Sunayen annabawa da aka ce Larabci ne huɗu ne kacal: Hudu, Salihu, Shu'aibu da Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su. Musa ma, masana da yawa sun ce daga harshen tsohuwar Masar ya fito.

Na san inda zafin yake. Abin da ake yi wa mutanen Gaza ya isa ya sa mutum ya tsani duk abin da ya ji ƙamshin wancan ɓangaren, kuma gaskiya ne akwai masu mamaye filayen Falasɗinawa da ke kafa hujja da littafin Joshuwa na cikin Baibul. Amma gwamnatin Isra'ila da aka kafa a 1948 ba ita ta haifi annabawa ba, ba kuma za mu sallama mata su ba. Manzon Allah ya sa wa ɗansa Ibrahim. Da aka haifa wa Abdullahi bin Salam ɗa, shi da yake babban malamin Yahudawan Madina ne kafin ya musulunta, Annabi da kansa ya sa masa Yusuf. Ɗalha bin Ubaidullahi kuwa sunayen annabawa ya bi yana sa wa 'ya'yansa, su Musa da Ishaƙ da Zakariyya da Yahaya.

Abin dariyar shi ne, ƙanen nawa a ƙarshe wani suna ya tsinto a intanet, irin masu ƙarewa da "an" ɗin nan da suka cika makarantun kuɗi. Shafi ɗaya ya ce ma'anarsa kyautar Allah, wani ya ce jarumi, wani ya ce hasken wata, babu wanda ya faɗi daga wane littafi ya ɗauko. Ba na cewa haramun ne, Allah ya raya yaro ya yi masa albarka. Amma mutum ya guji sunan da Bukhari ya ambata don wai baƙo ne, ya rungumi wanda bai san ko na Indiya ne ko na Farisa ba, wannan sai dai a yi shiru. In baƙon suna ake so, wanda malamin aji ba zai kira yara huɗu su miƙe ba, ai ga su nan a gida an bar su: Yusha'u, Shamwilu, Uzairu, Zulkifilu, Alyasa'u.

Matsala ɗaya da na yarda sunan yana da ita ta takarda ce. Kwamfutocin rajista da yawa ba sa son waƙafin nan, sai ka ga takardar haihuwa ta ce Yusha'u, ta makaranta ta ce Yushau, ta banki ta raba shi gida biyu, yaro ya girma yana yawon rantsuwa a kotu. Masu suna Isma'il da Mu'azu da Sa'adatu sun san wannan wahala. Wanda zai sa, ya zaɓi rubutu ɗaya tun daga takardar asibiti, ya tsaya a kansa har ta jami'a.