Rufin asiri ba shi da Turanci

Kwanakin baya Hajiyarmu ta kira ni daga Unguwar Rogo ta Jos ina wurin aiki a nan Shefil, a Ingila. Da za mu yi sallama ta ce, "To, Allah ya rufa asiri," na ce amin. Wani Bature abokin aikina ya tambayi me ta ce, na fassara masa kalma bayan kalma. Sai ya ɗaga gira, ya ce wane laifi na tafka a Jos da har ake yi masa addu'a?

Ban ga laifinsa ba. Turanci na da kalmomin ɓoyo birjik, amma da yawansu warin zargi suke yi. "Hide" ce ta yau da kullum, yaro ya laɓe a bayan ƙofa. "Conceal" ta fi yawo a kotu, kan wanda ya ɓoye makami ko dukiya don gudun haraji, ko da yake abin da mata ke shafawa su rufe tabon fuska ma daga nan ya samo sunansa. Uwa uba "cover-up", wato ɓoye ɓarna. A garin nan kalmar tana da nauyi, domin a filin ƙwallon Hilsbora ne aka yi turmutsitsin ranar 15 ga Afrilun 1989, wanda ya ci rayukan magoya bayan Liverpool 97. Sai a 2012 wani kwamiti ya bankaɗo cewa an sassauya bayanan 'yan sanda fiye da 100, har Firaminista David Cameron ya nemi gafara a majalisa. Ka ce wa mutumin nan ana rufe maka wani abu, can hankalinsa zai tafi.

Turawan suna da kalmomi masu mutunci dai. "Private" da "confidential" su ake bugawa a bayan ambulan ɗin asibiti ko banki, ko da ranar ganin likita kawai ke ciki. Ashe ma sakatarenmu daga "secret" ya fito, wato mai riƙe sirri.

Amma duk ba su kamo namu ba. Rufin asiri shi ne magidanci ya ciyar da iyalinsa, ya biya haya, ya yi suturar salla bai miƙa hannu ga kowa ba. Shi ne maƙwabciyarmu ta aiko yaro da kwanon masara bayan isha'i, lokacin da Baba ya yi jinya, don kada 'yan layi su gani. Na nemi kalma ɗaya ta Turanci da za ta ɗauki wannan na rasa.

Inda suka fi mu, kuma dole in faɗa, shi ne ba sa haɗa haƙƙin mutum na sirrinsa da ɓoye ɓarna a kwando ɗaya. Mu ma muna da rufa-rufa, muna da ƙumbiya-ƙumbiya, sai dai ba ma furta su in abin ya zo kan namu. Ma'ajin ƙungiya ya cinye kuɗin marayu, dattawa su ce a rufa masa asiri, mai iyali ne. A ci zarafin yarinya, a ce a yi shiru don rufin asirin gida. Asirin wa aka rufa? Ba nata ba. A Abuja ma haka take: tun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, amma dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan daram, ita ce inuwar da ake fakewa in an tambayi yadda aka kashe kuɗin jama'a.

Shi kuwa abokin nawa ya samu abin tsokana. Duk sanda ya ji na amsa wayar gida, sai ya ce in gaida Hajiya, ya tambaya ko asirin na nan a rufe. Nakan ce masa alhamdu lillahi, an biya hayar wata.