Wanda bai je asibiti ba, ba ya cikin lissafi

'Yan uwana matasa, musamman mu da muka yi boko kuma iyayenmu suna ƙauye, ina da magana da ku.

Hukumar IARC mai binciken ciwon daji a duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kusan mutum dubu 128 ne suka kamu da cutar a Najeriya, kusan dubu 80 kuma suka rasu. Sankarar mama ce a gaba, sai wadda ke kama maza a gindin mafitsara, sai ta bakin mahaifa. Daga ina aka samo adadin? Daga rajistar da ake ajiyewa a manyan asibitoci. Ta Ibadan tun 1960 take, akwai kuma irinta a Asibitin Malam Aminu Kano. Sai mutum ya je, an duba shi, an tabbatar, sannan a rubuta shi.

Gwaggona ba ta shiga wannan littafi ba. A wani ƙauye take, gefen Ringim. Ta ji ƙullutu a nononta, kunya ta sa ta yi shiru har damina biyu. Da abin ya fashe aka ce sammu ne, aka kira wanzami ya yi sakiya, aka bi da hayaƙi da rubutu. Ina tuna tsumman atamfar da take ɗaure wurin da shi, da yadda take jan mayafi ta rufe idan mun shigo gaisuwa. A zaman makoki abin da ake faɗa kawai shi ne ciwon ajali. Ajali gaskiya ne, amma neman magani ma umarni ne. Ni da nake da waya da babur ban taɓa tambayarta ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Irinta nawa ne daga Gaya zuwa Gumel? Da alƙaluma ake neman likitoci da na'urar gashin ciwon daji da kason kuɗi. Yankin da bai bayyana a takarda ba, sai a ɗauka lafiya lau yake.

Uwa ba za ta buɗe wa ɗanta namiji wannan zance ba, don haka ka sa yayarka ko matarka ta tambaye ta. Ƙullutu a nono, ko jini bayan al'ada ta ɗauke, asibiti za a nufa, a kuma adana takardar gwaji.

Ku da kuka taso cikin ruwan shinkafa a Kura da Kadawa da fadamar Haɗeja, fitsarin jini ba alamar balaga ba ce. Tsargiya ce, tana da magani, idan ta daɗe tana iya jawo dajin mafitsara.

Tun Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, kyauta, Kano da Jigawa suna sahun farko. Idan kuna da ƙanwa a gida, ku zauna da Baba ku yi masa bayani, sannan ku tambayi ranar allura a asibitin sha-ka-tafi na garinku.