Ku bar matar nan ta yi kukanta

Abin da aka yi wa 'yar'uwar nan a gidan makoki mugunta ce, ko da kuwa da Littafi Mai Tsarki a hannu aka yi ta. Mace ta binne ɗanta, idonta bai bushe ba, wani ya miƙe a gaban jama'a ya ce ta binciki kanta, wai Allah ba ya bugun mutum haka kawai. Malam, wa ya aike ka?

Maganar Elifaz abokin Ayuba ce ka maimaita, kuma Allah ya riga ya yanke mata hukunci. Ayuba ya rasa tumaki 7,000, raƙuma 3,000, da 'ya'yansa 10 a rana ɗaya. Abokansa Elifaz da Bildad da Zofar suka zo, suka zauna tare da shi a ƙasa kwana 7, ba wanda ya ce uffan. Wannan shirun ne kaɗai alherin da suka yi masa. Da suka buɗe baki, sai Bildad ya ce 'ya'yan ne suka yi zunubi. Elifaz kuwa, da ya rasa laifin da zai nuna, a sura 22 ta Littafin Ayuba ƙirƙiro shi ya yi, wai Ayuba ya kori gwauraye hannu wofi. Ayuba ya kira su likitocin banza. A sura 42 Ubangiji da kansa ya ce ya husata da su, domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Sai da wanda suka zarga ya yi musu addu'a kafin suka tsira.

Na san za a kawo mini Dawuda, a ce ai ɗansa ya mutu saboda zunubinsa da Batsheba. Haka ne. Amma annabi Natan aiko shi aka yi, kuma a gaban Dawuda ya faɗa, ido da ido. Kai wa ya aike ka? Ina wahayin naka? Zato kake yi, kana jingina shi ga Allah.

Almajirai ma sun tambayi Yesu a kan wanda aka haifa makaho, a Yohanna 9, ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa. Ya ce ba shi ba ne, ba su ba ne. Mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba. Da Li'azaru ya mutu, Yesu ya zo ya ga 'yar'uwarsa Maryamu tana kuka, kuka ya yi. Shi da ya san zuciyar kowa ke nan!

Don Allah 'yan'uwa, in ba ku da abin faɗa, ku zauna kusa da ita, ku riƙe mata hannu. Zuciyata tana ciwo idan na tuna yadda ta sunkuyar da kai tana sauraron mutumin nan.

Af, da nake sake karanta ƙarshen Littafin Ayuba, na lura ba a faɗi sunan ko ɗaya daga cikin 'ya'ya maza 7 da Ayuba ya samu daga baya ba. Na matan aka faɗa: Yemima, Keziya da Keren-Haffuk, kuma mahaifinsu ya ba su gādo tare da 'yan'uwansu maza. Masu hana marayu mata rabonsu, ina so wata Lahadi in ji an karanta muku wannan ayar.